Sunan 'Yar Fari a Ɗakin Hoto

"Ta sake motsawa," in ji mai ɗaukar hoton. "Idan wannan karon ma ya dagule, sai dai ku dawo wata mai zuwa."

Tahira ta leƙa ta gilashi. Ƙafafun mahaifiyarta, Inna Larai, kaɗai ake gani, sauran jikin yana cikin ramin injin.

Wata guda ya yi nisa. Likita ta ce naman da aka gutsura aka gwada ya nuna sankarar bakin mahaifa ce, irin mai ɓuya can ciki. Sai hoton nan ya nuna inda ta kai kafin a san ko tiyata za a yi ko gashi da na'ura.

Tahira ce kaɗai ta kawo Inna daga ƙauyensu na Shanono, ana tsakiyar girbin gero. Kawu Badaru ya ce ba a kai ciwon mata gaban baƙi, boko ne ke ɗibarta. Ta ce, "To, ya ɗebe ni, Kawu," ta fita ta tare mota.

"Malam, bar ni in shiga in riƙe ta," in ji Tahira ga mai hoton.

"Ke ba za ki sheƙo da gudu ba? To, cire 'yan kunne da duk wani ƙarfe."

Tahira 'yar fari ce, kuma saboda kunya Inna ba ta taɓa kama sunanta ba. Daga "ke" sai "yarinyar nan". Ko zubar jinin da Inna ta daɗe tana ɓoyewa, a bakin maƙwabciya ta ji.

Ta tsaya a bakin ramin, ta kama ƙafar nan mai faso.

"Inna, ni ce. Kada ki motsa."

Injin ya fara bugawa kamar mata na sussuka. Ƙafar ta ɗauki rawa. Can daga cikin ramin, ƙasa-ƙasa, murya ta fito:

"Tahira."

"Na'am" ya zo mata har baki, ta haɗiye. Idan Inna ta san an ji, kunya za ta sa ta zabura. Sai ta ƙara matse ƙafar, har rawar ta kwanta.

"Ya fito tas," in ji mai hoton daga ƙarshe.

Inna ta tashi zaune, ta juya fuskarta bango.

"Ke, ina mayafina?"

"Ga shi, Inna."