Taya Mai Ƙusa

Motar da Umair ya aiko wa mahaifiyarsa daga Kanada a bayan tirela ta iso Kambarawa, kuma tun kafin a sauke ta unguwa ta san da zuwanta. Baƙa ce, doguwa, ga faɗin ƙirji. Amma abin da ya fi tsayar da mutane ƙafafunta ne. Rim ɗinta, wato ƙarafan da taya ke zama a kai, manya-manya ne, farare tas, suna ɗaukar ido, robar da ta kewaye su kuwa siririya ce ƙwarai, kamar an zizara musu kwalli a baki.

Hajiya Suwaiba ta yi godiya ga Allah, ta sa wa autan nata albarka. Ta gama aikinta na ungozoma a asibiti, ta yi ritaya, yanzu zirga-zirgarta ba ta wuce gaisuwa da dubiya da islamiyya ba. Sai dai tun fitar farko ta lura motar ba ta da tausayi. Duk ɗan ramin da suka taka sai ta ji shi a ƙugunta, kamar a ƙasa take zaune. Ba ta faɗa wa kowa ba, don kyauta ce daga ɗa.

Direbanta Garba kuwa ya samu abin so. Daga ƙauye ya shigo birni, ya daɗe yana acaɓa kafin ya koyi mota, kuma bai taɓa riƙe abin da mutane ke waiwayowa su kalla ba sai yanzu. Kullum da safe da tsohon buroshin haƙori yake bin rim ɗin nan lungu-lungu.

A farkon bazara, suna dawowa daga ta'aziyya a Ƙofar Kwaya, wani mai napep ya yanko musu gaba. Garba ya kauce, tayar gaba ta daki bakin wani fasasshen kwalbati. Ƙarar ta sa Hajiya salati. Da suka fito, tayar ta kwanta, gefenta ya dare kamar an sa wuƙa.

Idi mai faci ya juya ta, ya zura yatsu cikin tsagar, ya girgiza kai. Ya ce in da ƙusa ce ta huda ta a tafi da yanzu an gama, amma gefe ba ya ɗaukar faci. Aka ɗaura safaya, wata 'yar siririya kamar ta babur, motar ta koma gida tana ɗingishi.

Nan Garba ya shiga neman taya. Duk shagon da ya je, sai mai shagon ya karanta lambar da ke jikin fasasshiyar, ya sake karantawa, ya ce rim ashirin da ɗaya ba kayan garin nan ba ne. Wani ya ce sai Kano. Na Kano ya ce sai Legas, ya yi alkawarin zai kira, daga nan wayarsa ta daina shiga. Garba ya rame. Daga ƙarshe wani tsohon direban tanka ya ce masa ya je bayan Ƙofar Kaura ya tambayi siton Alhaji Salihu mai tayoyin gwanjo, in babu a can to ya haƙura.

Ranar da zai je, Hajiya ta ɗauki mayafinta ta ce tare za su. Ta gaji da jin labari a baki, tana so ta ga da idonta yadda za a ce duk faɗin Katsina an rasa taya ɗaya.

Daga waje wurin bai nuna komai ba, ƙofar kwano ce kawai a jikin katanga. Da aka buɗe suka shiga, sai Hajiya ta ja ta tsaya.

Tayoyi ne jere a kan juna, sun tashi sama sun wuce tsawon gida, katanga bayan katanga, da lunguna a tsakaninsu kamar unguwar cikin birni. Komai baƙi. Rana ta take amma lungunan inuwa ce, ga warin roba mai ɗumi ya cika hanci. Hayaniyar titi ta ɗauke ɗif, kamar robar ta shanye ta. A can ƙarshen wani lungu an jingine wata taya ta motar gyaran hanya, wani lebura na tsaye a cikin raminta yana shan ruwa, kansa bai taɓa samanta ba. Hajiya ta yi shekara da shekaru tana wucewa ta wannan titin, ba ta taɓa sanin akwai wani gari a bayan katangar ba.

"Ikon Allah," ta ce a hankali. "Duka waɗannan tafiya suka yi kafin su zo nan?"

"Kowacce da ƙasar da ta taka, Hajiya."

Alhaji Salihu ne ya amsa, wani dattijo siriri mai farin gemu, ya fito daga rumfa yana gyara hula. Ya dube ta da kyau, sai ya faɗaɗa murmushi. Ya ce ai Sista Suwaiba ce, ita ta karɓi haihuwar ɗiyarsa ta fari. Aka kawo mata kujera, aka gaisa, aka tambayi gida da iyali da zafi da gajiya, aka yi wa mamata addu'a, sannan Garba ya mirgino fasasshiyar tayar.

Alhaji ya duƙa ya karanta lambar. Ya shafa gemu.

"Akwai ta," ya ce. "Guda biyu ma. Cikin wata kwantena suka shigo mani, sun daɗe. Amma ku fara ganinsu tukuna."

Garba ya kusa yin tsalle. Alhaji ya ƙwala wa lebura kira, ya kwatanta masa lungu da sahu. Can sai suka ji wata ƙara tana matsowa, ƙaras ƙaras ƙaras, kamar ana jan sarƙa a kan siminti. Leburan ya fito yana mirgina taya, ya tsayar da ita gaban Hajiya.

Girmanta daidai, sabuwa fil, zanenta bai ci ba ko kaɗan. Amma duk tafinta ƙananan kawunan ƙarfe ne a jere, suna ƙyalli a rana.

"Subhanallahi, wannan ai ƙusoshi ta taka," in ji Hajiya. "Wa ya yi mata wannan aika-aika?"

"Ba takawa ta yi ba, ranki ya daɗe. Haka aka ƙera ta. Tayar ƙanƙara ce. Akwai ƙasashen da in sanyinsu ya zo, titi kan daskare ya koma kamar gilashi, mota ta taka birki ta yi ta tafiya abinta. To ƙusoshin nan su ke cizon ƙanƙarar. Duba nan."

Ya nuna mata wani ɗan zane a gefen tayar, dutse mai kawuna uku da wani abu kamar tauraro a cikinsa. Ya ce alamarsu ke nan. Ya ce ta danna robar. Ta danna, ta ji ta da laushi kamar tafin hannu. Ya ce da gangan aka yi ta haka, don sanyin can yana sandarar da roba ta gari ta koma kamar itace.

Hajiya ta bi kawunan ƙarfen da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Ta leƙa cikin tayar, ta ga wasu busassun tsinkaye sirara sun taru a ƙasa. Ta ɗebo, ta murza, ta kai hanci. Wani ƙamshi ne can ƙasa-ƙasa, kuma ta san shi. Ƙamshin maganin da suke wanke daɓen ɗakin haihuwa da shi ne. Alhaji ya ce ganyen wata bishiyar can ne, yana yawan samunsa a cikin kaya. Duk tsawon aikinta tana shaƙar ƙamshin nan daga galan, ba ta taɓa kawowa a ranta ganyen bishiya ne ba, balle a ce bishiyar tana tsaye a wani wuri cikin ƙanƙara.

Garba ya ce, "To Alhaji a ɗaura mana mana. Ko a zare ƙusoshin."

"Ba ni sayar maka da ita ka ɗauki Hajiya, Malam Garba. Ko an zare, robar ba ta zafinmu ba ce. Ka hau kwaltar Kano da ita da tsakar rana, narkewa za ta riƙa yi, birki ya ƙi kamawa. Ni shawarata a sauke rim ɗin nan duka huɗu, a sa ƙanana, sha takwas, a ɗaura musu taya mai kauri. Tsawon ƙafar bai canzawa, ƙarfen ne zai ragu, roba da iska su ƙaru. Lambar kuma ko'ina ka shiga cikin garin nan kana samunta."

Fuskar Garba ta faɗi. "Alhaji, ai kyan motar ke nan."

"Gaskiyarka, kyan zai ragu. Kuma a lafiyayyen titi babban rim ya fi riƙe kwana, ban musa ba. Amma robar da ke tsakaninka da rami ba ta fi yatsu uku ba. Yau taya ce ta tafi, gobe rim ɗin ne zai tsage. Sai dai mu gwada tukuna mu ga ƙaramin bai taɓa birki ba."

Hajiya ta ce mota kyauta ce, ba a sauya mata kama mai kyautar bai sani ba. Ta ciro waya ta miƙa wa Garba ya danna mata kiran bidiyo.

Da aka ɗauka, ba ta gane ɗanta ba. Wani mutum ne cikin ƙatuwar riga, hula ta rufe kunnuwa, ƙyalle ya rufe baki, idanu kawai ake gani. Ya ja ƙyallen ƙasa, hayaƙi ya fito daga bakinsa.

"Hajiya, ina wuni? Lafiya dai?"

"Auta, mi ke fita bakinka haka?"

Umair ya yi dariya, hayaƙin ya ƙaru. Ya ce numfashi ne kawai. Safiya ce a wurinsu, yana haƙo motarsa ne zai tafi aiki, dusar ƙanƙara ta zuba jiya. Ta ce ya juya wayar ta gani.

Ya juya. Fari ne ko'ina. Rufin gidaje fari, bishiyoyi sun sunkuya da farin kaya, motoci sun zama tuddai. Kuma rana ce tarwai a sama, tana haskawa har ido na ƙyafewa, amma ba abin da ya narke. Ya taka, ƙafarsa ta nutse har gwiwa, suka ji ƙarar a wayar, ƙurus ƙurus, kamar ana tauna ƙuli-ƙuli.

Leburori suka ajiye aiki suka zagaye kujerar. Wani ya yi kabbara. Alhaji Salihu, wanda ya gama yi musu bayanin ƙanƙara yanzun nan, ya matso da fuskarsa har gemunsa na taɓa hannun Garba, don shi ma a baki kawai ya san ta.

Hajiya ta ce, "Nuna mani tayarka."

Umair ya duƙa ya share da safar hannu. Ga su nan, kawunan ƙarfe a jere, irin waɗanda yatsanta ke kai a daidai lokacin. Sannan ya miƙe ya nuna musu wani fili shimfiɗaɗɗe a bayan gidajen, wata mata na tafiya a tsakiyarsa da kare. Ya ce wannan kogi ne ya daskare. Ruwa na gudu a ƙarƙashinta, da kifaye da komai. Can arewa da su ma manyan motoci ke bi ta kan tafki da kaya, har sai ya fara narkewa.

Gumi ya gangaro daga goshin Hajiya ya ɗiga a kan mayafinta. Shekara nawa yaron nan yana ce mata ana sanyi, ita kuma tana ce masa mu ma nan ana yi, ka dai riƙa shafa mai. Ashe sunan ne kawai ɗaya. A cikin wannan yake tashi ya yi alwalar asuba, a cikinsa yake fita nema. Kuma rana ɗaya ce, wadda ke gasa ƙeyarta a nan ita ce ke can ta kasa narkar da ruwa.

"Tsarki ya tabbata ga Mai wannan mulki," ta ce. "Auta, rufe bakinka, kar iskar ta shige ka."

Garba ne ya tuna da abin da ya sa aka yi kiran. Umair ya saurara, ya ce a canza kawai, shi da idon titin can ya zaɓi motar, ya manta da kwalbatocin gida. Ya gaida Alhaji, ya yi masa godiya.

Aka gwada ƙaramin rim, ya zauna bai taɓa birki ba. Kafin la'asar motar ta tsaya a kan sababbin ƙafafu, baƙaƙe masu kauri, ba ƙyalli. Garba ya zagaya ta fuska a ɗaure. Amma da suka hau hanya, suka taka ramin farko motar ta haɗiye shi ba tare da kowa ya girgiza ba, sai ya saci kallon Hajiya ta madubi, ya ce ashe dai Alhaji ya san abin da yake faɗi.

Washegari suka ɗauki maƙwabciyarta Ladi za su islamiyya. Tun daga ƙofar gida Hajiya ke ba ta labari, taya mai ƙusa, kogin da ake tafiya a kansa, numfashin da ke zama hayaƙi. Ladi ta saurara har ƙarshe, sannan ta taɓe baki. Ta ce waya ai ba abin da ba a haɗawa a cikinta yanzu, kuma ita ba ta ga mai hankalin da zai buga wa tayarsa ƙusa da hannunsa ba.

Hajiya ta duba agogo, ta ga da sauran lokaci.

"Garba," ta ce, "juya mu Ƙofar Kaura."