Abin da Mahdi Ya Datse

Mahdi mai haɗa kiɗa ne a Daura, kuma in dai tara sauti ne, ban san wanda ya kai shi haɗama ba. Kalangu, kukuma, garaya, lugude, har kukan ƙofar shagon maƙwabcinsa, duk ya ɗauka ya jibge a kwamfuta. Sunan kirki ne dai bai taɓa sa musu ba. Wannan "sabo", wancan "sabo na gaske", wani kuma "shi ne wannan". In mawaƙi ya ce a sa masa kalangu, sai ya je ya yi la'asar ya dawo ana kan nema.

Da abin ya ishe shi, sai ya sauko da manhaja biyu masu jera sauti don ya zaɓi ɗaya. Ta farko 'yar gayu ce. Da kanta take rarraba komai, ganguna nan, masu tsirkiya can, abin da ba ta gane ba kuwa ta ce hayaniya ce, ta ɓoye shi. Ta biyun ko kyan gani babu, kuma ba ta da kunya, har tarin mutum sai ta baje maka a faranti. Mahdi mutum ne mai son tsafta a aiki, ko da yake ba a shagonsa ba. Zuciyarsa ta riga ta kwanta da 'yar gayun.

Ana haka sai ga Zubaida daga garin Babban Mutum. 'Yar marigayi Ɗantsoho ce, makaɗin kalangun da Mahdi ya taɓa bi har gida ya ɗauki kiɗansa.

"Malam Mahdi, an ce Baba yana cikin na'urarka."

"Yana ciki, Yaya Zubaida. Tsaf da shi."

Ya buɗe 'yar gayun yana ji da kansa, ya danna. Kalangu ya tashi tas, babu ko ƙura. Ya danna wani, ya danna wani. Zubaida ta saurara da ladabi har ya gama.

"Wannan ai kalangu ne," in ji ta. "Yana nan rataye a ɗaki, kullum ina ganinsa. Muryarsa nake nema. Yarana suna tambayata yadda yake magana, ni kuma wallahi na fara mantawa."

Nan Mahdi ya tuna abin da ya yi. Ƙa'idar sana'arsu ce, duk abin da ya zo kafin bugu da bayansa a datse shi, don kiɗa ya hau daidai. Gaisuwar tsohon, dariyarsa, gyaran muryarsa, shi da hannunsa ya datse su ya zubar, har yana yaba wa kansa ƙwarewa. Kunya ta rufe shi.

Ya bincika 'yar gayun ciki da bai. Ta ce babu. Sai ya juya ga mummunar, ita kuwa ta kwaso masa duk tarkacen da ya manta da su. Suka ji jaki. Suka ji babur a hanyar Mai'adua. Suka ji Mahdi kansa yana ciniki da mai rake. Zubaida ba ta yi dariya ba, ba ta kuma tashi ba.

Can ƙasan jerin akwai wani fayil da ya sa wa suna "ya ɓaci". Bai datse shi ba, don a ganinsa bai cancanci wahalar ba. Ya danna.

Iska ta fara. Sai wani tsoho ya yi gyaran murya.

"Ya fara ɗauka? To, bismilla." Bugu biyu, sai kiɗan ya tsaya. "Zubaida! Zo ki kore akuyar nan, za ta cinye wa baƙo waya."

"To, Baba," in ji Zubaida. Har ta yunƙura daga kan benci kafin ta tuna.

Ta koma ta zauna, ta gyara mayafinta. Mahdi ya zuba wa allon kwamfutar ido kamar akwai abin karantawa.

"Sake sa min," in ji ta.