Motar Ɗaki Ba Ta da Kwata

Maitama na kwance rigingine a ƙarƙashin motar, ya ja hannun bawul ɗin karo na uku. Ɗigo biyu suka sauko cikin bokiti, na ukun ya tsaya a bakin bututu kamar mai shawara.

"Ko ka ja har la'asar, Dakta, abin da za ka samu ke nan," in ji Nahum, yana tsugune a gefe da tocila. "Fito mu yi tunani."

Motar irin mai ɗaki ce, da gadonta da murhunta da ɗan banɗakinta, ta hannu, Maitama ya saye ta wata biyu da suka wuce daga wani dattijo da ya gaji da yawo. Dalilin sayen kuwa ga shi can zaune a kujerar roba a inuwar gidan wankin motar da ke bayan beninsu a unguwar Taman Melati, can ƙasar waje inda yake koyarwa: mahaifiyarsa, Hajiya Bilqis, wadda ta zo daga Kano ganin jikoki. Shekararta sittin da takwas, teku kuma ta tagar jirgi kawai ta taɓa hango shi. Ya yi mata alkawari gobe Asabar za su kwana a bakin ruwa a Port Dickson, don ranar Laraba za ta koma. Otal kuwa ta ce a kai kasuwa, ita ba ta kwana a gadon da ba ta san wanda ya tashi a kai ba.

To yau da safe ya shiga shirya kaya, sai ya tarar wani ruwa mai duhu ya taso ya kwanta a daɓen banɗaki, ga wari. Wa zai ɗauki uwarsa a haka?

Maitama ya fito yana kaɗe riga. "Tsohon nan ne. Ya sayar min da masai a toshe. Bari in kira shi."

"Ajiye wayar tukuna." Nahum ɗan Kagoro ne, maƙwabcinsu, yana karatun injiniya, kuma ba ya son a yanke hukunci kafin a ji shaida. "Tanki biyu ne a cikin nan. Ɗaya na masai, ɗaya na ruwan wanka da wanke-wanke. Wanne ka tabbatar?"

"Hancina ya tabbatar."

"Hancin malamin lissafi. Shiga ka zuba bokiti ɗaya a masai."

Nahum ya jona tiyo zuwa ramin da mai wankin motar ya nuna musu, ya buɗe bawul na farko. Maitama ya zuba ruwa daga ciki, ruwan ya bi tiyo ya wuce salin alin.

"Ka gani? Masai ba shi da laifi, ka nemi gafararsa. Ɗan'uwansa ne ya cika ya rasa hanya, shi ya sa ya taso ta wurin wanka, don nan ne ƙasa."

Daga inuwa Hajiya ta ce, "Ai ruwa ba ya tsami banza. Ku dai bincika."

"Yanzu kuwa, Mama," in ji Nahum.

Nahum ya samo siririn tiyo mai tauri, ya buɗe bawul na biyu, ya dinga turawa a hankali yana murzawa. Da ya kai kamu biyu sai ya ci karo da wani abu. Ba dutse ba, ba tsumma ba, abu ne mai karɓar tiyo yana riƙewa. Ya zaro. Bakin tiyon ya fito da wani farin abu kamar kyandir. Ya murza shi a yatsa, ya kai hanci. Ya sake kaiwa.

"Dakta, dattijon nan da ya sayar maka, yana cin citta da kanumfari?"

"Ban gane ba."

"Har da masoro. Shinshina. Rabona da wannan ƙamshin tun Sallar da na yi a Zariya."

Maitama ya shinshina. Can ƙarƙashin warin, ga shi nan ba ɓoyo: suyar naman layya.

Sai a lokacin ya tuna. Sati biyu da suka wuce, da aka kawo musu kasonsu na naman san layyar da suka yi tarayya a masallacin unguwa, ana fara suya na'urar gano hayaƙi ta gidansu ta hau kuka ta hana kowa sakat. Shi da kansa ya miƙa wa matarsa Hureira makullin motar, yana taƙama, ya ce su je su soya a can, murhu biyu ne. Ya tafi ofis abinsa.

Su biyun suka juya suka dubi inuwa. Hajiya ta gyara mayafi.

"Me kuke kallona?"

"Hajiya, ranar suya, wa ya yi wanke-wanke?" in ji Maitama.

"Ni mana. Yarinyar nan ta yini a tsaye, na ce ta hau sama ta huta." Ta ɗan dakata. "Tukunya uku. Na tsiyaye sauran kitsen a wurin wanke-wanken, na bi shi da ruwa. Ba kwata yake fita ba?"

"Babu kwata, Hajiya. Tanki ne a ƙasa. Duk abin da aka zuba yana nan tare da mu."

"Kana nufin sati biyu muna ajiye da ruwan wanke-wanke kamar abin gado?" Ta riƙe haɓa. "To Uban Rumaisa, kai da ka san gidanka ba shi da kwata, sai ka ba mutane makulli ka yi gaba?" Ɗan fari ne, ba ta kama sunansa ko a faɗa.

Nahum ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. Maitama ya mayar da wayar aljihu a hankali, yana gode wa Allah da bai kira dattijon nan bawan Allah ba.

Sanin ciwo daban, magani daban. Nahum ya huda kitsen da tiyo har rabin ruwan ya tsiyaye, amma sauran ya kama bango ya daskare. Ya ce maganin kanti mai ƙarfi zai iya cinye robar bawul, mai sauƙin kuma sai ya kwana biyu yana aiki.

"Kwana biyu ba mu da shi," in ji Maitama.

Hajiya ta miƙe ta nufi lif. Da ta dawo, da ƙullin tsumma a hannunta, Hureira na biye da ita da butar shayi biyu suna tururi. Ta kwance ƙullin. Kanwa ce, ungurnu, ragowar wadda ta zo da ita daga Kano.

"Hajiya, ba ita kika ajiye don ɗanwaken bakin ruwa ba?" in ji Hureira.

"Ɗanwake ya jira. Tun kafin a haife ku da ita muke wanke tukunyar mai."

Nahum ya juya ɗan dunƙulen a hannu. "Boleh," ya ce da yaren mutanen garin, wato zai yiwu. "Amma a sirka ruwan, Mama, kada ya narkar da bututu."

"Ka koya wa kaza tono."

Aka daka, aka jiƙa, aka haɗa da sabulun wanke-wanke, aka rufe bawul aka ɗura buta bayan buta. Nahum ya ce saura girgiza, don haka kowa ya shiga. Suka bi hanyar Titiwangsa, suka zaga tafkin da ke can sau biyu, Maitama yana neman kowane tudun rage gudu da gangan, Hajiya a kujerar gaba tana riƙe da ƙofa tana cewa a ƙara, ai dama kunu ake yi.

Da suka dawo, Maitama ya sake kwanciya ya kama hannun bawul. Ya yi bisimilla ya ja. Shiru. Sai tiyon ya yi tari sau ɗaya, ya miƙe, ya hau rawa a ƙasa, ruwa na gudu a cikinsa da ƙara kamar an ɓalle madatsa. Suka ɗauraye sau uku har ya fito garau. Hureira ta sauko wa Nahum da kwano cike da soyayyen naman nan, ya karɓa ya ce shaida ce, dole ya tafi da ita gida ya ƙara bincike.

Washegari da hantsi Hajiya ta cire takalmi ta taka yashi, tana dafe da kafaɗar ɗanta, har ruwan ya zo ya shafi ƙafarta ya koma. Ta daɗe tana kallo, leɓenta na motsi da tasbihi. Maitama bai katse ta ba.

Can ta numfasa.

"Uban Rumaisa."

"Na'am, Hajiya."

"Wannan kam ko kitsen shanu goma ba zai toshe shi ba."