Gawo na Bakwai

Wa ya fi laifi, wanda ya sare itace cikin murna da rashin sani, ko wanda ya sani ya zauna yana dariya? Na daɗe ina juya wannan tambaya, ban samu amsa ba.

A shekarar da kuɗin mai suka sa kowane masinja ya sayi babur, mutane na tururuwa birni, Kalilu ya ajiye aikin akawu a Kaduna ya nufo Magama, gonar kakansa. Matarsa Ma'u ta biyo shi da sharaɗi guda: in rumbu bai cika ba bana, su koma.

Kalilu kuwa kamar an sake maraƙi. Ya sayi malafa biyu. Ya raɗa wa jakinsa suna. Direbobin manyan motocin da ke jiran tsallakawa Maraɗi sukan danna masa oda, shi kuma ya ɗaga musu fartanya sama.

Abu ɗaya ya dame shi: itatuwan gawo bakwai a gonar, ganye kore shar da tsakar rani. Littafinsa na noman zamani ya ce inuwa na kashe gero. Ya ɗauko gatari yana waƙa.

Maƙwabcinsa Shawulu, tsohon Bamaguje, yana zaune gindin na bakwai, wanda ke kan iyakarsu.

"Ɗan birni, mi gawo ya yi maka?"

"Inuwa, Baba!"

Shawulu ya ƙyalƙyace har da buga cinya. Da shida suka faɗi, ya miƙo masa ƙwarya cike da kashin awaki. "Ungo, shuka wannan. Ɗiyan gawo ba su tsira sai sun bi ta cikin akuya."

"Ni da na riƙe alƙalami shekara goma sha biyu? Allah ya kiyaye!"

Ruwan fari ya sauka. Sai ga gawo na bakwai ya zubar da ganyensa kaf, ya tsaya tsirara, rana na ratsa shi. Kalilu ya saki baki. Iskar hadari ta share filin da ya buɗe, rairayi ya binne shuka sau biyu. Amma a gindin gawon, inda ganye ya ruɓe, inda awaki suka yi rani, gero ya tashi har ya fi Kalilu tsawo.

Da kaka ya ɗaure dami tara, shida daga gindin itace ɗaya. Ma'u ta leƙa rumbu, ta bi shi gona, ta dube shi.

"Malam, in fara haɗa kaya?"

Kalilu bai ji ta sosai ba. Zagaya gawon yake yi, yana dariya kamar wanda ya tsinci raƙumi.

"Ma'u, kin gani? Itace mai kunya! Damina ta zo ya tuɓe, ya ba gero wuri! Bakwai fa nake da su!"

"Ɗaya gare ka. Shi ma rabinsa na Baba ne."

"Ƙara mini damina ɗaya."

"Gawo shekara nawa yake yi kafin ya girma?"

Shawulu ya amsa daga ƙetaren iyaka: "Jikokinki za su gode."

Ma'u ta yi tsaki, amma ba ta taɓa akwati ba. Ta koma ɗaki ta dawo da ƙwarya, ta dangwara masa a hannu. Kalilu ya naɗe ƙafar wando, ya bi bayan awakin Shawulu a duƙe, yana tsinta yana waƙa.