Baƙin Tsamiyar Inna

Saiwar tsamiyar gidanmu ta tsaga bangon ɗakin Inna tun daga tushe har rufi, tsagar da za ka zura hannu ka gaisa da maƙwabci. Ni nake sayar wa rabin Illela siminti, amma bangon mahaifiyata ne ke shirin faɗuwa. Na kira Lawwali mai saran itace ya kayar da tsamiyar kafin ruwa ya sauka.

Ranar da ya zo da gatarinsa, sai muka tarar shamuwa biyu sun riga mu. Har sun jera kirare a reshen sama, kamar yadda suke yi duk bazara.

Inna ta fito tana dogara sanda. Da yake ni ne ɗan fari, ba ta taɓa kiran sunana ba.

"Kai wanga, mi za ku yi?"

"Inna, in damina ta kankama bangon nan zai faɗo miki."

"Baƙi sun sauka, kai ko ka kawo musu gatari? Tun ina amarya suke zuwa gidanga. Ba su taɓa cin hatsinmu ba, sai fara."

Lawwali ya saɓa gatarinsa a kafaɗa. "Alhaji, ni ba ni saran icce da sheƙa bisa. Nemi wani, in ka samu a garinga."

Ban samu ba. Ban ma nema sosai ba. Na mayar da Inna ɗakina, ni kuma maigida guda na koma zaure da tabarmata, kusa da babur.

A ruwa na uku, da la'asar, bangon ya zube kan gadon ƙarfenta da muka bari saboda nauyi. Inna ta leƙa ta ga ɓarnar, sannan ta ɗaga kai sama.

"Suna nan?"

"Suna nan, Inna."

Ba ta ga tashin 'ya'yansu ba. Zazzaɓi ya kwantar da ita a tsakiyar damina, muka kai ta makwancinta.

Da kaka ta yi, shamuwa suka tafi, Lawwali ya dawo da gatari.

"To Alhaji, yanzu ba kowa bisa."

Na daɗe ina kallon sheƙar. Sai na ce ya ajiye gatarin ya riƙe mini igiyar awo, mu gina sabon bango, mu matso da shi ciki, nesa da saiwar. Ɗakin ya ƙanƙance ƙwarai. Ba mai kwana cikinsa dai.