Haƙoran Merv a Kofin Kuku

Duk daren da jiragen yaƙi za su kai hari tsibirin Timor, sai Merv Tuckey ya biyo ta kicin ya zare haƙoransa ya jefa cikin kofin shayin Clarrie. Na roba ne, sama da ƙasa. Shi ne maharbin da ke zama a bayan jirgi, kuma tun ranar da girgizar bindiga ta kusa sa ya haɗiye na sama, ya rantse ba zai ƙara tashi da su ba.

"Riƙe min, kuku. Kada ka gwada su a kan naman gwangwanin nan naka, karyewa za su yi."

"Wa zai sa ƙazantarka a bakinsa?" in ji Clarrie. "Ka dawo da wuri, kofina nake so."

Clarrie Dunstan ya shekara biyu yana dafa wa sojojin sama abinci a wannan sansani da ke kudu da garin Darwin, bai taɓa shiga jirgi ba, ba ya kuma marmari. Da asuba Merv kan shigo baki a lotse kamar na tsohuwa, ya karɓi ajiyarsa, sannan ya zauna gaban ƙwai biyun da ake soya wa duk wanda ya dawo.

Daren wata Laraba jirage tara suka tashi. Clarrie yana kwaɓa burodi yana ƙirga saukarsu da kunne. A takwas ƙarar ta tsaya; jirgin su Merv ne bai dawo ba. Ya soya ƙwan Merv duk da haka, har ya sandare a faranti.

Al'adar wurin ita ce kafin tsakar rana a kwashe kayan waɗanda ba su dawo ba, a ɗaure a kwali, don kada sabbin zuwa su tarar da gadon wani da ɗuminsa. Sajan Gilchrist ya leƙo kicin da kwalinsa.

"An ce akwai kayan Tuckey a nan."

"Kayan mamata kuke tarawa, Sajan. Wannan ajiya ce, mai ita zai zo."

Sajan ya dube shi, ya dubi kofin, ya wuce. Ba hauka Clarrie yake yi ba, don an sha ganin mutum ya ɓullo daga daji bayan mako uku, ƙafa duk ƙuraje, yana neman taba. Kullum da safe yana canza wa haƙoran ruwa, shi kuma ya koma shan shayi a gwangwanin madara. Da fari an yi ta tsokanarsa, daga baya aka daina.

Ran kwana goma sha tara likita ya aiko kiransa. Masunta sun tsinci jirgin a cikin fadama a bakin teku. Mutum biyar ne a ciki, gawa huɗu aka samu, wuta ta cinye duk wata shaida. Uku an gane su ta haƙori. Na huɗun ba shi da ko ɗaya, ga shi kuma mai rediyon jirgin, Len Pascoe, shi ma na roba yake sawa.

"Cikin su biyun, ɗaya na iya kasancewa da rai," in ji likita. "Dole mu san iyalin wa za mu rubuta wa. Kawo kofin, mu gwada haƙoran a bakin gawar."

Clarrie ya kawo da hannu biyu don kada ruwan ya zube. Ya tsaya bakin tanti yana roƙon Allah ya sa Pascoe ne, yana jin kunyar kansa, domin Pascoe ɗin ma ya sha cin ƙwansa, kuma yana da 'ya'ya biyu.

Ba a ɗauki minti goma ba likita ya fito da kofin wayam, haƙoran sun zauna a bakin mai su. Ya ɗauraye kofin tas, har ya goge shi da tsumma.

"Ga kofinka, Clarrie," ya ce.