Igiyar da Mama Ta Shafa wa Mai

Ranar Alhamis ce cikin watan Afrilu, zafi a Lugbe kamar an kifa wa garin tukunya. Tun safe ko ganye ba ya motsi, kajin Mama duk sun shige ƙarƙashin tankin ruwa baki buɗe. Wajen hantsi wani saƙon murya ya shigo zauren WhatsApp na cocinmu. Wani ɗan'uwa ne da babu wanda ya san fuskarsa, yana haki yana cewa guguwa irin ta Amurka na tafe, za ta share Abuja daga filin jirgi har Karu, kowa ya tuba.

Mama ta saurara sau biyu, ta ɗaga kai ta dubi rufinmu, sannan ta dube ni.

"Thaddeus, tun Kirsimeti nake ce maka ka gyara rufin nan."

Gaskiyarta. Marigayi Baba ne ya gina gidan, falo da ɗakin Mama da wani ɗan akurki a ƙarshe wanda nake kwana. Babu silin. Katakon rufin da waya aka ɗaure shi a jikin bulo, wayar kuma tsatsa ta cinye ta tuni. Ni kuwa tun da na bar makaranta a aji uku ban taɓa kai wani abu ƙarshe ba. Na yi acaɓa, na yi wankin mota, na koyi aski har na yanki kunnen wani dattijo.

"Ka ji ni da kyau," in ji Mama. "Idan rufin nan ya tashi, kai ma ka tashi. Kawunka Enoch na neman hannu a gonar citta."

Gonar Kawu Enoch tana can bayan Kachia, inda sai ka hau kan surin gara kafin wayarka ta kama. Na taɓa yin sati ɗaya a can, na dawo da kanta a hannu da ƙiyayyar citta har a shayi. Nan take na miƙe.

Na roƙi tsofaffin tayoyi wajen mai faci na jera a kan kwano, na ƙara da bulo. Maƙwabcinmu Malam Abdulmajeed, wanda ke aiki a wata ma'aikatar tarayya, ya tsaya da makullin mota a hannu yana kallona.

"Ɗan Mama, garejin ne ka mayar sama?"

"Oga, taimaka mini da igiya."

Ya ba ni doguwar igiyar roba shuɗiya, ya ce in dawo masa da ita ko da gidan bai dawo ba. Na yanka ta uku, na rataya kowace a kan katakon rufi ta ciki, ɗaya a falo, ɗaya a ɗakin Mama, ɗaya a nawa. Saura abu mai nauyi da zan ɗaure su a jiki. Ina cikin tunani sai ga matan ƙungiyar Zumunta ta cocinmu sun shigo, don Alhamis a gidanmu suke koyon waƙa, Mama ce shugabarsu. A gaba Mama Perpetual ce mai tuyar ƙosai a bakin titi, rungume da tulun kiɗa, sai da ta karkace kafin ƙofa ta karɓe ta. Na ce a raina, Ubangiji ya tanada.

Na yi musu bayani: idan iska ta taso, kowa ya kama igiya ya ja ƙasa.

"Wato mu ne duwatsun?" in ji Mama Perpetual. "Magdalena, ɗanki ba shi da kunya."

"Mama Perpetual, ni dai na ce bangaskiyarki ce mai nauyi."

"Bakinka!"

Suka yi dariya suka yarda. Da a nan aka tsaya, da lafiya lau. Amma Mama ta shiga ɗaki ta fito da kwalbar man zaitun da Fasto Silas ya yi wa addu'a. Ta shafa wa ƙofa, ta shafa wa tagogi, ta shafa wa goshina har ya gangaro mini a ido. Sannan ta juya kan igiyoyin. Ta tsiyaya man a tafin hannu tana murza kowace daga inda hannunta ya kai har ƙasa, tana umartar iska ta koma inda ta fito.

"Mama, santsi za ta yi fa."

"Igiyar da ba a shafa wa mai ba, me za ta riƙe?"

"Hannu ne zai riƙe ta, Mama."

"Kai da rabonka da coci tun Ista ta bara, kai za ka koya mini?"

Ta ce ɗakina ne ya fi buƙatar tsarkakewa, ta juye wa igiyarsa sauran kwalbar.

Bayan la'asar gabas ta yi baƙi ƙirin. Iska mai sanyi ta fara kaɗawa, leda da kwali suka cika sama, masu shago suna ta jan ƙofofi. Kafin ka ce kwabo abin ya iso. Ban san yadda ta Amurka take ba, amma wannan ta ishe mu. Na ji tayoyina suna gangarowa ɗaya bayan ɗaya. Rufin ya ɗaga, haske ya shigo tsakanin katako da bango, ya koma ya zauna da ƙara.

"Ku kama!" na yi ihu.

Mata biyu suka kama ta ɗakin Mama, Mama Perpetual ta kama ta falo ita kaɗai, ni da Mama muka ruga ɗakina. Suka ɗauki waƙa, amma kowace da tata. Iska ta sake ɗaga rufin. Igiyar ta zame a hannuna kamar tarwaɗa. Na naɗe ta a wuyan hannu, ta warware. Mama na bayana tana ja tana kiran jinin Yesu, ni ina kiran sunan Kachia don in ƙara ƙarfi.

Daga falo muka ji Mama Perpetual: "Magdalena! Wane irin mai ne wannan? Ko na ƙosai bai kai shi ba!"

Ita dai dabara ta yi. Ta ɗaure igiyar a ƙugu ta zauna daɓas a kan tulun kiɗa. Tulun ya fashe, ta dire ƙasa, ba ta fasa waƙa ba. Matan ɗakin Mama suka ga haka suka naɗe tasu a ƙafar gado suka haye kai. Ni babu gado a ɗakina, katifa ce a ƙasa. Iska ta uku ta zo, igiyar ta fice daga hannayenmu huɗu, rufin ɗakina ya naɗe kamar tabarma ya tafi. Muka tsaya ni da Mama, hannuwa na ƙyalli, ruwa na dukanmu.

Da aka ɗauke ruwa ta dubi sama ta inda rufi yake a da.

"Haɗa kayanka. Litinin akwai mota."

"Wane kaya, Mama?"

Ta juya ta koma falo.

Ranar Lahadi na je coci, tunda ita ce ta ƙarshe kafin tafiyata Kachia. Lokacin ba da shaida Mama ta fito da zanen Zumunta ta karɓi makirfo. Ta ce guguwa ta kwashe rufin gidaje a unguwa, amma da ta zo gidan gwauruwa ta tarar da igiya shafaffiya, ta rusuna. "Rufina yana nan daram!" Coci ya ɗauki guɗa. Mama Perpetual ta juyo ta harare ni, alamar in kama bakina.

A hanyar gida na matso kusa da Mama.

"Mama, na gode wa Ubangiji da rufinmu bai tashi ba."

Ta ƙara sauri.

"Kin faɗa gaban Fasto da dukan ikilisiya. In na tafi gobe, mutane za su tambayi dalili. Ni kuma kin san ba na ƙarya."

"Kai? Tun yaushe?"

"Tun da kika shafa mini mai."

Ta kai mini duka da jaka, na goce. Da muka kai kwanar mai faci ta ce in nemo tamfol kafin wani ruwan ya sauko, kuma wannan karon da ƙusa za a yi aikin. Ta kira Kawu Enoch ta ce masa ya nemi wani.

Abin da muka rasa: kwanon rufi takwas, katifa ɗaya, tulun kiɗa ɗaya, kaji biyu, wandona na fita, tayoyi biyar na mai faci, da kashi ɗaya cikin uku na igiyar Malam Abdulmajeed.